Ranar da Ban Gyara wa Mai Doya Hausa Ba

Shekarun baya, lokacin da nake rubuta kundin digirina na biyu a falsafa, na yi imani cewa duk wata babbar tambaya ta rayuwa kalma ce da ba a feɗe ta da kyau ba. Har abokai suka fara gudun hira da ni, don ko sannu ka yi mini sai na tambaye ka me kake nufi.

Ana cikin haka mahaifiyata ta rasu a gidanmu na Lugbe. Ban yi kuka ba. Zama na yi na cika shafi goma sha ɗaya a kan kalmar "rasu". Daga "rasa" take, wato an nema ba a samu ba. To wanda aka rasa, babu shi ne, ko yana inda ba a duba ba? Kwana arba'in ina yawo kamar mai tafiya cikin barci, ƙamshin man zafinta na bi na ɗaki ɗaki, ina ce wa kaina ai na gane mutuwa. Ƙanwata ta ce zuciyata ta bushe. A ɓoye ni ma tsoron hakan nake ji.

Wata Asabar da hantsi na tuƙa mota zuwa Sheda, wajen wata tsohuwa 'yar Gbagyi da Mama ke sayen doya a hannunta. Hausarta ba ta raba mace da namiji, ni kuwa sarkin iyayi kullum sai na gyara mata.

Ta leƙa kujerar gaba. "Oga, ina Mama? Yana gida?"

"Tana," na ce, bakina ya riga ni. "Ba yana ba. Mama tana..."

Na tsaya. Maganar tana jiran in faɗi wuri, ni kuma ba ni da wurin da zan faɗa. Duk shafukan nan babu wanda ya ba ni kalma ta gaba. Sai ga hawaye, a bakin titi, gaban tulin doya.

Tsohuwar ta ajiye doyar da ta ɗauko, ta kama hannun rigata. "Wayyo. Mutumin kirki ne. Allah ya jiƙan shi."

Har yau ina feɗe kalmomi, kuma ban raina aikin ba, don gyaran nan ne ya kai ni gaban abin da nake gudu. Daga nan dai bai iya raka ni ba.

Addu'arta kuwa ban gyara ba. Amin na ce. Wanda ta roƙa ya san wadda take nufi.