Agwagin da Suka Rusuna wa Baba

Na karanta labarin majalisu iri-iri, na sarakuna da na Turawa da na soja, na kuma koyar da shi a aji har alli ya cinye mini yatsu. Amma har yau ban ga zaman da ya yanke hukunci cikin hikima kamar wanda aka yi a bakin murhun kakata a Gangare ba. Abin da aka zauna a kansa kuwa buhun agwagi ne, masu wari.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, ina firamare, cikin ɗan zafin nan da Jos ke arowa kafin ruwan farko ya sauka. Ko a lokacin, kakarmu Iya ba ta yarda a kashe wuta bayan an sauke tuwon dare. Ta ce gwiwoyinta ba su san bazara ba. Sai ta jawo kujerarta ƴar tsugunno, ta miƙe ƙafa wajen garwashi, mu kuma mu kewaye ta muna ture juna. Ni take kira mijinta, irin wasan kaka da jika, kullum kuma tana barazanar kai ni ƙara don ban taɓa saya mata ko goro ba.

Akwai mutum ɗaya a gidan da Iya ba ta yi wa magana: Babana. Ba faɗa suka yi ba. Ɗanta ne na fari, ita kuwa tsohuwar Bahaushiya ce ta ainihi, kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunansa ko duban idonsa. In tana da saƙo sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mai motar nan tuwonsa na hucewa," alhali yana tsaye kusa da ita. Baba direban tifa ne, yana kwaso yashi daga tsofaffin wuraren haƙar kuza da ke bayan Daɗin Kowa, inda ramukan da kamfanoni suka bari suka zama kududdufai.

Ranar da nake ba ku labari, jajibirin sunan ƙanwata ne. Rago na ɗaure, Ummanmu na ɗaki tana jego. Da la'asar sai ga Baba da buhu a kafaɗa, yana tafiya kamar wanda ya ciwo yaƙi. Ya zazzage shi a tsakar gida.

Kirinjijiya ce, agwagwar dajin nan mai farar fuska wadda ko maharbi sai ya yi rarrafe kafin ya kusance ta. Ga su tuli. Da ransu, idanunsu na motsi, amma ba wadda ta iya tsayuwa. Fukafukai a sake, ƙafafu a baya, wuya kuwa ya kwanta a ƙasa kamar tsumman da aka jiƙa. Gindinsu duk koren kashi ya manne. Wani wari ya tashi, na taɓo da ruɓa, irin wanda ke shiga hanci ya nemi wurin zama.

"Da hannu na tsince su," in ji Baba. "Ko gudu ba su yi ba. Rabon jaririyar nan ne."

Maƙwabcinmu Oga Emeka, mai sayar da kayan gyaran mota, ya leƙo ya toshe hanci. "Oga Direba, wannan agwagwa naka ya sha burkutu ne? Dubi wuyansa!"

"Ladabi ne, Emeka, kai ba ka san shi ba. Gobe ka zo da kwanonka."

Kafin magariba Baba ya yanka su, ya sanar da rabin unguwa cewa gobe akwai farfesun agwagwar daji, kwanon farko kuma na mai jego ne. Ƙanwarsa Gwaggo Ladi aka bar wa figa. Ina riƙe mata fitila lokacin da ta tsaga ta farko. Ƴar jakar nan da ke ƙasan wuya, inda tsuntsu ke tara abinci, cike take da tsutsotsi farare, masu ƙiba, irin na mushe. Gwaggo ta yar da wuƙar ta ruga bayan ɗaki. 

"Yaya, wallahi tsutsa ce a cikinsu," in ji ta da ta dawo.

"To kaza me take ci? Cin-cin? Da ransu na yanka, jini ya zuba. Halal ne. A wanke."

Nan magana ta tsaya. Gwaggo ƙanwa ce, Umma ba ta ma san abin da ake ciki ba. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya hana Baba, ita ce kuma wadda al'ada ta ɗaure wa baki.

Bayan isha'i Iya ta sa aka ƙara itace, ta kuma sa aka matsar da kujerarta kusa da ƙofar zaure, inda Baba ke zaune da rediyonsa. Ta ce wai hayaƙi ke damunta.

"Ga baƙuwa ta zo da dare, wa zai ba ta tabarma?" Haka take buɗe tatsuniya.

"Ta shigo ta zauna!" muka amsa.

Da ƙarfi ta ba da ita, kamar mai magana da kurma. Ta ce wani jaki ne ya faɗa tafki ya mutu. Da yana raye kowa na cewa nasa ne, da ya kumbura aka rasa mai shi. Uwar tsutsotsi ta tare a cikinsa da ƴaƴanta, ta ga wuri ya yi musu kaɗan, sai ta aika wa agwagin tafkin goron gayyata: ku zo biki, an dafa shinkafa mai tafiya da kanta. Agwagi suka zo suka ci har suka yi gyatsa. Da suka sunkuya za su yi godiya, sai wuya ya ƙi komawa sama. A nan suka kwanta, hanci cikin ruwa. Kowane baƙon yau ya zama tukunyar gobe, uwar tsutsotsi ta sake aika goro.

Iya takan yi muryar uwar tsutsotsin da leɓe a tattare, tana tsotsar yawu. 

"Ana nan, sai ga wani mutum ya biyo ta bakin tafkin da jakinsa. Jakin nan kuwa abin mamaki ne, in an kai inda za a sauke kaya, ɗaga gabansa yake yi ya zubar ta baya."

"Iya, kamar motar Baba!" in ji ƙanena Sani.

"Rufe mini baki, ni ban san motar kowa ba."

A zaure, aka rage muryar rediyo.

Ta ce mutumin ya ga agwagi kwance, kawuna a ƙasa, sai ya ɗauka gaishe shi suke yi. Tun da yake, ko kazar gidansa ba ta taɓa rusuna masa ba. Daɗi ya kama shi, bai tsaya ya tambayi kansa ba: abin da ke tashi sama in ya hango inuwar mutum, yau me ya zaunar da shi? Ya cika buhu ya nufi gida, inda matarsa ke kwance da ɗanyen jiki da jaririya a ƙirji. Uwar tsutsotsi kuwa tana cikin buhun, tana lissafin ɗakunan gidan.

Sai Iya ta koma gyara garwashi.

"Sai me, Iya? Sun ci?" na tambaya.

"Kai mijin banza, bari in numfasa." Ta dubi bango. "Mutumin yana da wata tsohuwa a gida. Ba ta da bakin yi masa magana, amma ta taɓa goya shi a bayanta ta tsallake ramukan kuza da shi, ba don ya girma ya ɗura wa ƴar mutane ƙazanta ba. Allah ya taimake shi yana da kunne. Kafin gari ya waye ya ɗauki buhunsa ya koma bakin tafki ya ce, ruwa, ga kayanka, ban ci ba, ban ba kowa ba. Na raka baƙuwata, na ja ƙofa. Ku tashi ku kwanta."

 Da asuba na ji tashin tifa. Da muka fito, babu agwagi, babu gashinsu, har ƙasar wurin an kankare an zuba toka. Umma ta sha farfesun kan rago. Oga Emeka ya zo da kwanonsa, Baba ya cika masa da naman suna, ya ce agwagin sun yi tafiya. Iya kuwa ta dubi bango ta ce a gaya wa mai motar nan kokonsa na hucewa, an sa masa sukari da yawa.

Shekaru na yi ina ɗauke da daren nan kamar lambar girma. Na sha kafa misali da shi a aji: ga yadda ake gyara babba ba tare da an tsinka shi a gaban ƴaƴansa ba, ga yadda tsohuwar da ba ta san bihim ba ta mayar da tatsuniya kotu. Wani darasin kuma na riƙe wa kaina, cewa duk abin da ya saba gudunka, in ka ga ya kwanta yana jiranka, ka tambayi lafiyarsa kafin ka yi murna. Ya yi mini amfani wajen ƴan siyasa.

Sai bayan na fara furfura wani tsohon ɗalibina da ya zama likitan dabbobi ya ba ni sunan abin: botulizam. Ya ce ƙwayar cutar tana kwance cikin taɓo. In zafi ya yi, ruwa ya ja baya, mushe ya ruɓe a gefe, sai ta saki dafi a cikin naman. Dafin ba ya yi wa tsutsa komai, tara shi take yi. Agwagwa ta ci tsutsa, ƙafa ta mutu, fiffike ya mutu, wuya ya saki, ta nutse a ruwan da bai kai idon sawu ba, ita ma ƙuda ya hau ta. Na ce masa ai kakata ta riga shi, har da muryar uwar tsutsotsin. Ya yi dariya, ya ce to maganin ɗaya ne: a kwashe gawarwakin a binne da zurfi ko a ƙone, nesa da ruwa. Mushe ɗaya in aka bari a bakin tafki, ya isa ya kwantar da garke.

Lokacin Baba na da rai, ya tsufa, yana zaune a zauren nan dai da wata rediyon. Na je na tambaye shi inda ya binne agwagin sunan ƙanwata.

"Binnewa kuma?" in ji shi. "Ai abin da tsohuwa ta ce na yi. Cikin kududdufin na juye su, ta gefen da sauran ke kiwo."