Tarihin Alwin Kleinig, Maƙerin da Ya Rabar da Ogan ɗin Matarsa

An haifi Alwin Gotthold Kleinig ranar 9 ga Maris, 1929, a wata gonar inabi da ke bayan garin Tanunda, cikin kwarin Barossa. Mahaifinsa, Reinhold Kleinig, maƙerin gangunan katako ne, mahaifiyarsa kuwa, Ottilie, ita ke jan baƙin waƙa a cocinsu har tsufa ya karɓe mata murya. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida.

Ƙuruciya da Koyon Sana'a

Ya yi karatun firamare a makarantar cocin, inda malamai suka shaide shi da ƙarancin magana da yawan kwance abin da ba a sa shi ba. Tun yana ɗan shekara tara aka ɗora masa aikin zuga wa ogan ɗin cocin, wato babban abin kiɗan nan mai bututai, iska ranar Lahadi, domin a wancan zamani da hannu ake tura iskar da ke busa bututan. A shekarar 1945 aka kai shi Adelaide wajen wani dattijon maƙeri, ya shekara bakwai yana koyon narka kuza da dalma, da naɗe bututu, da gyara masa baki har ya fitar da muryar da ake buƙata. Ya dawo gida a 1952, ya buɗe maƙera a tsohon rumbun mahaifinsa, ya shiga ƙera ƙananan ogan na gidaje da na cocin ƙauye, kowanne bisa awon ɗakin da zai zauna.

Aure da Alkawari

A shekarar 1954 ya auri Hedwig Pfitzner, 'yar garin Eudunda, wadda ta ƙware a kaɗa ogan amma ba ta taɓa mallakar nata ba. Ranar baiko, a gaban iyayenta, ya ɗauki alkawarin ƙera mata na gida kafin aurensu ya cika shekara. Bai yi wasa da maganar ba. Ya haɗa akwatin, ya ɗinka zugazugin da fatar kangaru, ya zuba bututan da ba a taɓa jin masu daɗin muryarsu a kwarin ba, ya zana harafin farko na sunanta a gindin kowanne.

Saura ƙiris a kammala, a makon Ista na 1955, wani fasto ya zo hankali tashe da bututun ogan ɗin cocinsu da tsani ya faɗa wa ya lotse. Zuba sabo sai an yi makonni, Lahadi kuwa jibi ce. Alwin ya zare ɗaya daga cikin na Hedwig ya ba shi, ya ce mata, “Aro ne, ranar Litinin zan zuba miki wani.” Litinin ɗin ba ta zo ba.

Shekarun Aiki

Daga nan hanya ta buɗe. Ɓera ya ci, zafin bazara ya tsaga, rufi ya yi yoyo, duk wanda ogan ɗinsa ya gamu da irin wannan ɓarna sai ya nufo gidan Kleinig aron bututu, shi kuma bai iya cewa a'a ba. Idan ya zuba mata sabo ɗaya, kafin wata ya zagayo an tafi da biyu. Mutumin kirki ne, amma a wannan batu ya ƙwari matarsa, kuma kowa a kwarin ya sani.

An haifa musu Ruth a 1956, sai Martin a 1959, sai Lorna a 1963. Dukkansu sun tashi suna ganin ogan ɗin a falo da giɓi kamar bakin tsohuwa, an ɗora masa tukunyar fure. Hedwig takan ce wa baƙi, “Ku zo ku ga kayan aurena. Rabinsa na nan, sauran kuwa sai kun zaga coci-coci za ku ji shi.” Ana dariya, amma abin yana cinta a rai. Ruth ce kaɗai ta bi mahaifinta maƙera, kuma ita ta karɓi ragamar aikin a 1991.

Ƙarshen Rayuwa

Bayan ya ajiye aiki ya ƙudiri aniyar cika alkawari, sai dai rawar hannu ta riga shi, bakin bututu kuma ba ya gyaruwa da hannu mai rawa. Ruth ta nemi ta ƙarasa, ya hana, yana cewa, “Ni na yi mata alkawari, ba ke ba.” An ce a kwanakinsa na ƙarshe ya roƙi gafarar Hedwig, ta amsa masa da cewa, “Tsoho, sha romonka. Wanda ya jira shekara arba'in da takwas ai ya iya jira.”

Rasuwa da Jana'iza

Alwin Kleinig ya rasu ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2003, yana da shekara saba'in da huɗu. Washegari, ba tare da an roƙi kowa ba, dattawan coci-coci suka fara sallama a ƙofar gidan, kowa rungume da bututu naɗe cikin bargo, da harafinta a gindinsa. Ruth ta mayar da kowanne gurbinsa, aka ɗauki ogan ɗin a motar ɗiban inabi zuwa cocin da za a yi masa addu'a. Ranar Asabar Hedwig ta zauna ta kaɗa shi cikakke, karo na farko, gawar mijinta na gabanta. Da yawa sun yi kuka.

Bayan an binne shi a maƙabartar cocin, kusa da iyayensa, ta dubi Ruth ta ce, “To, na ji abina. Zare ki mayar musu, gobe Lahadi.”

Ya rasu ya bar matarsa Hedwig, da 'ya'ya uku: Ruth, maƙeriyar ogan a Tanunda, Martin, manomin inabi, da Lorna, malamar makaranta a Adelaide, sai jikoki bakwai. Ogan ɗin yana nan a falon gidan da giɓinsa.