Rugar da Ban Je Ba

Shekara ta goma sha ɗaya ke nan ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye, can gaba da Dudunni, lokacin da aka kira mu taro a Kankia. Bazara ce, ruwa bai sauka ba tukuna. An tara malaman makaranta da malaman asibiti da ungozomomi, aka ce wata likitar yara ce ta zo daga Katsina.

Mace ce gajeriya, muryarta ba ta tashi sosai, sai da muka matso da bencina. Ta ce in ambaliya ta zo, makarantunmu ne mutane za su cika, kuma abin da babba zai jure kwana uku, yaro ba zai jure wuni ɗaya ba. Ta roƙi kowannenmu ya bi gida-gida ya rubuta yaran da ke shan magani kullum, masu sikila da masu farfaɗiya da masu asma, da jariran da ke kan nono. Da wannan takarda za ta aiko da magani a ajiye a ƙaramin asibitin kowace mazaɓa.

Na ɗaga hannu na ce, "Likita, har rugage?"

Ta ce, "Malam, su za ka fara."

Na yi aikin, ba zan ce ban yi ba. Kwana huɗu ina yawo bayan an tashi makaranta. Amma akwai ruga ɗaya a hayin rafi, gida biyar ko shida. Ranar da na yi niyyar zuwa babur ɗina ya yi faci. Washegari aka yi rasuwa a unguwarmu. Daga nan shuka ta kama, na ce a raina ai yaran Fulani ƙarfi gare su, na miƙa takardar haka nan.

Cikin watan Agusta aka kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Katangu suka riƙa zubewa, rafi ya cika ya shanye hanyar mota. Mutanen rugar sun samu sun haye kafin ya gama cika, da abin da suka iya ɗauka a ka. Kafin azahar ajujuwanmu uku sun cika. Na ware aji ɗaya don masu shayarwa kamar yadda likitar ta ce, muka sa randa biyu ta tafasasshen ruwa. Malamin asibitinmu ya zo da kwalin magani, yana kiran suna yana bayarwa. Har na fara jin daɗin kaina.

Da la'asar wata Bafulatana daga rugar nan ta tsaya a gabana, riƙe da hannun 'yarta mai kamar shekara shida. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini wata takarda da ta jiƙe, ƙwayoyin ciki sun narke sun zama kamar kunu.

"Malam, maganin yarinyar ga ne. In ba ta sha ba faɗuwa take."

Malamin asibiti ya duba takardata sama da ƙasa. Ya dube ni. Ya koma ya zazzage kwalin. Babu mai farfaɗiya ko ɗaya a cikin sunayen da na kai, don haka ba a aiko da irin nata ba.

Washegari da hantsi farfaɗiyar yarinyar ta tashi. Ta faɗi tsakanin bencina, jikinta ya sandare, sannan ya kama karkarwa. Mata suka ja 'ya'yansu baya. Wata tsohuwa ta kawo cokali za ta sa mata a baki, malamin asibiti ya hana, ya kwantar da ita ta gefe. Ta farfaɗo, ba a jima ba ta sake. Na hau tudun bayan makaranta inda waya ke kamawa na kira likitar. Ta yi ta tambaya, tana faɗa mini abin da za a yi, sai ta ce, "Amma ba ta cikin sunayen da ka ba ni."

Na ce, "Ban je rugar ba."

Ta ce, "To. A fito da ita da zarar ruwa ya ja."

Sai rana ta uku maza huɗu suka haye da ita a kan ƙyauren aji da muka ɓalle, ruwa iya ƙirjinsu. Daga Kankia aka wuce da ita Katsina. Ta rayu. Sai dai maganarta ba ta dawo kamar da ba, kuma hannunta na dama ba ya riƙe ƙwarya.

Uwar tana kawo nono garinmu ranar kasuwa. Duk sanda ta gan ni sai ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mini godiyar wayar da na buga. Sau biyu na buɗe baki zan gaya mata yadda aka yi, sai in ji ina tambayar ta lafiyar shanu.