Wuyan Mai Aski

Dogo mai aski mutum ne mai baki, kuma hannunsa ya fi bakin iyawa. Shagonsa ɗan ƙarami ne: kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, da benci da ba ya rabuwa da 'yan hira. Tun yana saurayi yake sunkuye a kan kawunan mutane, har ya aurar da 'ya'ya.

Ƙugu ne ya fara ciwo, ya ɗaure shi da ɗamara ya ci gaba. Da yatsun hannun dama suka fara mutuwa kuwa, sai ya ɓoye wa kowa, don taurin kai kam Allah ya ba shi. Ranar da aska ta suɓuce masa ta faɗi kusa da ƙafar wani dattijo, ya rufe shago.

A asibiti aka yi masa hoto. Likita ta nuna masa guringuntsi biyu da suka zame daga tsakanin ƙasusuwa, ɗaya a wuya, ɗaya a ƙugu. Ta ce na ƙugun zai iya jira, a gwada motsa jiki tukuna. Na wuyan ne ke danne jijiya, in aka bar shi hannun zai iya tafiya gaba ɗaya. Ba ta ɓoye masa haɗarin aikin ba, ta kuma ce ta gaban wuya ake shiga.

Nan fa Dogo ya ce bai san zance ba. A yanka masa maƙogwaro yana barci? 'Yan benci suka ƙara masa tsoro, kowa da labarin wani da aka yi wa aiki bai sake tashi ba, amma ba wanda ya san sunansa. Ya daina cin abincin kirki, ya zauna a gida yana kallon hannunsa.

Matarsa ta gaji da lallashi, ta dire masa kofin shayi.

"Maigida, kullum mutane na miƙa maka wuyansu, ka ɗora aska a kai, har gyangyaɗi suke yi. Kai ne ka fi su son rai?"

Washegari da kansa ya koma wajen likita. Ya tambaye ta sau nawa ta yi irin wannan aikin, ya ƙare wa hannuwanta kallo irin na mai sana'a, sannan ya ce ya yarda.

Aiki ya yi kyau, amma warkewa ta ɗauki watanni, ga takunkumin wuya, ga mita. Ƙugun ma ya lafa da motsa jiki. Wata safiya yana goge kujerar shago, sai ya ji wani abu tsakanin babban yatsa da manuniya. Ya rufe ido ya murza. Silin gashi ne guda ɗaya, kuma yana jin sa sarai. Daɗi ya kama shi har da ƙwalla. Ya leƙa waje ya ce wa 'yan benci:

"To, wa zai fara zama?"