Bayis Ɗin da Na Haɗa da Jak

Mu gidanmu masassaƙa ne. Ubana a ƙasa yake aiki, ya danne itace da ƙafa ya bi shi da gizago har turmi ya fito. Ni ma haka na tashi, boko kuwa a aji biyu na sakandare na ajiye ta. Da injin surfe da na niƙa suka cika Karaye sai turmi ya daina fita, ka sassaƙa biyar ka sayar da ɗaya. Dole na koma kafinta, ba wanda ya koya min, da ido na ɗauka.

Wanda aka koya wa shi ne ɗan gwaggona. Shi aka kai makarantar koyon sana'a, ya dawo ya buɗe shago a Rogo Sabon Gari. Taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawa nake ce masa, shi kuma ya ce min ranka ya daɗe. A da wasa ne. Da ya yi shago sai ranka ya daɗen nan ta fara yi min wani iri a kunne.

Ba rufin shagon ne ya tsaya min a rai ba, ba babur ɗinsa ba. Bayis ne, ƙarfen nan da ake ɗaurawa a gefen teburin aiki, ka juya hannunsa ya matse katako ya riƙe maka. Nasa kore ne, ɗan waje. Na taɓa zuwa na tarar yana goge katako da filen, hannu biyu, yana hira da mai shayi, katakon ko motsi ba ya yi. Ni kuwa sai na hau katako na zauna a kai, ko na tokare shi da gwiwa, na goge rabi na juya na goge rabi.

"Ranka ya daɗe, har yanzu da gindi kake riƙe katako?" ya ce.

Na ce, "Bawa, gindin nan ya girmi ƙarfenka."

Aka yi dariya, ni ma na yi. A hanyar komawa a mota bayis ɗin nan kawai nake gani a idona.

Ƙarshen damina wani malami mai Islamiyya a Tudun Kaya ya zo wurina. Ya ce iyayen yara sun haɗa hannu za a yi bencina, a daina zama a tabarma. Bayan kaka, in an sayar da amfani, zai zo ya ga wurin aikina, ya je ya ga na ɗan gwaggona, sannan su zaɓa. Tunda na fara kafinta ban taɓa jin ƙamshin aiki mai girman wannan ba. Kujerar tsuguno nake yi, da gyaran ƙyaure. Na san in na samu bencinan nan an daina ce min masassaƙin da ya ɓata hanya.

Tebur na haɗa shi da kaina cikin kwana huɗu, mai nauyi, ba ya rawa. Saura bayis. Na shiga Kano, na zaga 'yan ƙarafa. Sabo, kuɗin da aka faɗa min sai na sayar da gyaɗar da na noma gaba ɗaya. Na hannu kuma, wanda zaren ƙarfen da ake juyawa ya cinye sai wanda aka yi wa walda a wuya. Wani mai shago ya ce, "Alhaji, wannan fa na manyan kafintoci ne." Ban je Makka ba, kuma na gane abin da yake nufi.

Ɗan gwaggona ya ji labari, ban san ta ina ba. Ya kira ni a waya ya ce yana da wani tsoho a ƙarƙashin tebur, na zo na ɗauka. Na ce masa ubangida ba ya cin ragowar bawa. Matata tana jin mu. Da na kashe wayar ta ce, "Malam, da ka karɓa." Na ce ta ji da tukunyarta.

Dabarar a hanya ta zo min. Muna dawowa daga kasuwar Rogo tayar motarmu ta yi faci, direba ya fito da jak yana juyawa. Na tsaya ina kallon dogon ƙarfen nan mai zare da ke tsakiyarsa, siriri, amma ga shi yana ɗaga mota da buhunan masara a kai. Na ce a raina, abin da ya ɗaga mota ai zai matse katako.

Washegari na je wurin 'yan gwangwan na tono wani jak da ya lanƙwashe, zarensa lafiya lau. Kuɗinsa bai kai na kaza ba. Mai walda ya yanke min ƙarfen da notinsa, ya liƙa masa hannu da guntun rodi, yana ta tambaya me zan yi da shi. Ban faɗa masa ba.

Saura leɓunan da za su kama katakon, guda biyu masu kauri. Nan na yi abin da ubana zai yi. A gidanmu ɗanyar ƙirya ake sassaƙawa, don in ta bushe gizago ba ya shigarta, sai dai ya yi ta tsalle. Na samu reshe sabon sara, na fafe shi, na huda, na zura ƙarfen. Ranar da na fara juya shi ya kama katako, wallahi sai da na rufe ƙofar shago na zauna ina kallonsa. Na ja katakon da hannu biyu, teburin ne ya biyo ni. Na kira matata ta zo ta ja. Ta ce, "To, Allah ya sa albarka." Iyakar abin da ta ce ke nan, ni kuwa na so ta ce ya fi na Rogo.

Wata biyu ina aiki da shi. Da iska ta bushe na ga wata 'yar tsaga ta fito daga bakin hudar, kamar gashi. Turmi ma yana yin haka kuma ya shekara ashirin ana daka. Na cusa mata garin katako da gam na manta.

Malamin Islamiyyar ya zo ranar wata Laraba da hantsi, tare da wani dattijon Bafulatani daga cikin iyayen yara. Muna cikin gaisuwa, ana tambayar iyali da shanu, sai ga ƙarar babur. Ɗan gwaggona ne, wai ya zo duba mahaifiyata sai ya ce bari ya biyo ya gai da ubangidansa.

"Ranka ya daɗe, an ce ka yi bayis. Ina yake, ko a ɗaki kake kwana da shi?"

"Matso ka gani, bawa. Ba na kanti ba ne, kai ne ya yi shi."

Na ɗauko katakon da zan yi ƙafar benci na sa a ciki. Na juya, ya kama. A nan ya kamata na tsaya. Amma yana tsaye a kaina da hannu a aljihu, sai na ƙara juyi ɗaya don ya gani. Na ƙara wani. Sai ji muka yi ƙas, kamar an harba bindigar toka. Leɓen waje ya rabe biyu daga sama har ƙasa, katakon ya faɗo dab da ƙafar Malam, ya yi baya yana salati. Dattijon ya ce, "Subhanallahi," ya gyara sandarsa a kafaɗa ya koma bakin ƙofa.

Na jira dariyar ɗan gwaggona. Da ya yi ta da na samu abin da zan riƙe. Bai yi ba. Tsugunawa ya yi ya ɗauki ɓarin itacen, ya shinshina, ya danna farce a ciki.

"Ɗanye ka sa?"

Na sunkuya na ɗauke katakon da ya faɗi.

"Yaya, ai ba turmi ba ne. Turmi ba a huda shi a matse." Rabon da ya ce min yaya tun ana yi mana kaciya. Sai ya kama ƙarfen yana juyawa a hankali, gaba, baya. "Wannan na jak ne? Kai. Wa ya nuna maka?"

Na ce ba kowa.

Malam ya yi min sallama da kyau, har da addu'a, ya ce za su yi shawara. Bencinan a Rogo aka yi su. Na gan su an ɗauko a bayan a-kori-kura sun wuce ta gaban shagona, an shafa musu mai suna ƙyalli. Aikin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Na sake leɓunan da busasshen maɗaci, kuma har yau suna nan. Amma kafin azumi ya zagayo ɗan gwaggona ya bi 'yan gwangwan na Rogo da Karaye ya kwashe duk wani mataccen jak. Yana haɗa bayis da busasshen katako, ya shafa fenti, ya sayar wa ƙananan kafintoci da araha. Har daga Jajaye ake zuwa saye. Ya aiko min da shadda yadi biyar da sallah, ya ce ta mai dabara ce. Tana cikin akwati, ban kai ɗinki ba.

Kwanaki wani kafinta ya shigo shagona aron zarto. Ya ga nawa a gefen tebur, ya juya hannun, ya ce, "Au, kai ma ɗan Rogo ka saya?"

Na ce ni na ƙirƙiro shi.

Ya dube ni, ya dubi shagon, ya ce, "Allah sarki." Ya ɗauki zarton ya fita.