Wuƙarmu da ke kwana gidan maƙwabci

Baba likitan dabbobi ne, amma tunda nake ban taɓa ganin ya yanka ko kaza ba. Mutumin da ke kayar da bijimi a rugagen Alakos ya danna masa allura, sai ga shi in an zo yanka ya koma gefe ya harɗe hannuwa a baya. Muna yara mun ɗauka tsoron jini yake yi, har mukan yi masa dariya a ɓoye, ni da yayana. Sai da na yi wayo na gane ba tsoro ba ne.

Mu Kirista ne, kuma a unguwarmu a Gure mu kaɗai ne. Iyayena mutanen wajen Maraɗi ne. Aiki ya kawo Baba gabas da niyyar ya ɗan taɓa ya koma, sai ya ƙare da gina gida da sayen ɗan lambu a kwari. Majami'armu ɗaki ɗaya ce, ko sojoji da malaman lakwal, wato makarantar boko, da aka turo daga nesa sun zo, ba ma cika bencinan. Duk sauran rayuwarmu, tun daga ɗiban ruwa har zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, da Musulmi muke yin ta.

Katanga ɗaya ta raba mu da wani dattijo ɗan Damagaram mai kanti a bakin kasuwa. Mu yara muna ce masa Baba Mai Kanti, shi kuma yana kiran mahaifinmu Likita. Kusan kullum bayan la'asar sai sun zauna a ƙofar gida kan tabarma ɗaya, suna shan shayi suna gardamar addini. Shi ya ce Allah bai haifa ba, ba a haife shi ba. Baba ya ce ai shi ma bai taɓa cewa Allah ya yi aure ba, ya sake bayani tun daga farko, a hankali, kamar yadda yake lallashin saniya mai harbi. Har gashin kansu ya yi fari babu wanda ya ja wani, kuma babu ranar da suka tashi ba su yi musabaha ba.

To, akwai wata wuƙa. Baba ya saye ta wurin wani maƙeri a kasuwar Gidigir tun kafin a haife ni, doguwa, da kube na jar fata. Tamu ce, amma ba ta taɓa kwana gidanmu ba. A gidan Baba Mai Kanti take zama, shi ke wasa ta, shi ke shafa mata mai. Duk jajibirin Nowel, wato Kirsimeti, sai Baba ya sa babbar rigarsa, ya fita ta ƙofarmu, ya zaga ya tsaya a zauren maƙwabci ya yi sallama kamar baƙon da ya zo daga wani gari, alhali da ya ɗaga murya ta kan katanga ma an ji shi. Kalmarsa ɗaya ce kowace shekara:

"Na zo roƙon wuƙa, da mai wuƙa."

Washegari da sassafe dattijon zai shigo, ya juya ragon gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Baba na riƙe da ƙafafu, yana tasa addu'ar a zuci. Dalilin kuwa a fili yake: mutanen unguwa ba sa cin yankan wanda ba Musulmi ba. Baba Mai Kanti da kansa ya taɓa cewa akwai malaman da suka halatta yankanmu, amma zuciyar mutane ba ta kwanciya da shi, kuma ba a tilasta wa mutum abin da zai haɗiya. Saboda haka in shi ya yanka, kowa sai ya ci. Kafin azahar gidanmu ya cika da yara, Inna na zuba shinkafa da nama a kwanuka, mu kuma muna rarrabawa gida gida muna cewa ga abincin haihuwar Almasihu. Haka nan in Babbar Sallah ta zo, washegarin layya, cinya guda daga ragon Baba Mai Kanti tamu ce.

Baba ya rasu da kaka, ana cikin yankan hatsi. Ciwon bai daɗe ba. Baba Mai Kanti ya bi mu har maƙabartarmu, ya tsaya can gefe cikin rairayi har aka gama waƙa da addu'a aka rufe. Bai yi mana addu'ar da ba ta cikin addininsa ba, bai kuma yi kamar zai yi ba. Allah ya ba ku haƙuri kawai ya ce.

Yayana ya dawo daga makarantar Littafi Mai Tsarki a can yamma don ya riƙe gidan. Ina son a fahimce ni, yayana ba mugu ba ne. Shi ya fi ni shan wuya a lakwal, shi aka fi jifa da kalmar arne, har akwai yaran da ba sa shan ruwa a moɗar da ya sha. Ni bakina ya cece ni, kowa ya faɗa mini ɗaya sai na rama da uku. Shi kuwa haɗiyewa yake yi, kuma abin da ya haɗiye bai narke ba. Ya dawo da ilimi da zafin zuciya, da kuma kewar Baba da bai san inda zai ajiye ta ba.

Da Nowel ta matso aka kawo rago daga kasuwa, sai ya ce bana shi zai yanka da hannunsa, da sunan Ubangijinmu. Ya ce shekara da shekaru muna miƙa wa wani wuƙa kamar hannunmu na da ƙazanta, kamar sunan da muke kira bai isa ya tsarkake nama ba. Ya tuna mana gargaɗin Almasihu a kan wanda ya ji kunyarsa a gaban mutane. Har ya ce shi naman layya ma ya daina ci.

Ni fa sai na hau. Na ce masa shi da ya yi karatu ai ya fi ni sanin abin da manzon Almasihu ya koyar a Littafi, cewa mai bi yana da 'yancin cin kowane abinci, amma in 'yancin nan zai sa wani tuntuɓe gara ya haƙura da shi. Ya ce wannan maganar 'yan'uwa masu bi ake nufi, ba na waje ba. Na ce to maƙwabcin da aka ce ka ƙaunata fa, an ce sai ka duba inda yake sujada? Muka yi ta yi, ya jawo aya na jawo aya, ban da ƙara masa taurin kai babu abin da na yi. Wallahi da na san haka da na kama bakina, amma ni ban iya ba.

Inna ba ta iya karatu ba, abin da ta sani na Littafi a kunne ta ɗauke shi. Tana tsince shinkafa har muka gaji, sannan ta ce:

"Ubanku bai ɓoye kowa ba. Duk wanda ya ci naman nan ya san na haihuwar wa ne. In ka yanka, kai ka yi shaida, amma wa zai zo ya ji?"

Yaya ya tashi ya shige ɗaki, na ɗauka maganar ta shige shi. Ashe ya riga ya yanke shawara. Jajibiri ya zo ya wuce, babu wanda ya sa babbar riga ya zaga zauren maƙwabci. Inna ta so ta aika ni, sai ta ga in ta yi haka ta tsallake ɗanta, wanda yanzu shi ne namijin gidan, ta kunyata shi a idon unguwa. Ta bari ko zai huce kafin safiya.

Da gari ya waye, ana ɗari, ya ɗauko wuƙar girkin Inna ya yanka ragon a bayan ɗaki. Jinin bai gama tsayawa ba muka ji sallama. Baba Mai Kanti ne, da wuƙar a hannunsa cikin kubenta. Ba a roƙe shi ba, amma ya zo. Daga baya matarsa ta gaya wa Inna cewa ya ce marayu ne, ba su san yadda ake zuwa roƙon ba, kada a riƙe su da laifi.

Ya tsaya ya dubi ragon, ya dubi hannun yayana. Ni dai ji na yi kamar ƙasa ta buɗe in shige. Bai ɓata rai ba, da ya ɓata ma da ya fi mini sauƙi. Ya gaida Inna, ya tambaye ta sanyi, ya yi mana barka da salla. Sannan ya ce wa Yaya ya ɗaga kan ragon sama kaɗan don jinin ya tsane, ya juya ya fita da wuƙar a hammata.

Ranar Inna ba ta aika kwano ko ɗaya ba. Ta ce ba za ta sa mutanen da suka yi mata zaman makoki cikin wahala ba, su karɓa don kunya su rasa yadda za su yi da shi, ko su mayar su ji nauyi. Muka je majami'a muka dawo, muka zauna mu uku da naman rago guda. Yaran unguwa suka leƙo, suka ga babu kwanuka a jere, suka koma. Ban taɓa jin gidanmu shiru irin na ranar ba, ko ranar da aka fita da Baba akwai mutane. Inna ta yanyanka sauran naman ta shanya a igiya, ta shiga ɗaki ta kwanta tun rana na sama.

A shekarar, Babbar Sallah ta biyo bayan Nowel da 'yan kwanaki. Aka jera raguna a kan sanduna a ƙofar gidaje, aka kewaye wuta da su, ƙamshi ya cika unguwa. Washegari, ranar rabo, Inna ta shimfiɗa tabarma kusa da ƙofa tana gyaran zogale, wai iska take sha. Na san abin da take jira. Ita baƙuwa ce a garin nan, mijinta na binne a nan, danginta na nesa. In cinyar nan ba ta zo ba, to ta san zamanta a Gure ya zama na wadda ake gaisawa da ita a hanya kawai.

Sai bayan la'asar ya shigo, shi da kansa, ba aike ba. Ya ajiye tire gaban Inna, cinya ce guda kamar kullum. Ya ce rabon Likita ne, ya rasa wanda zai ba in ba mu ba. Inna ta buɗe baki ta yi godiya, kuka ya ƙwace mata. Sannan ya zaro wani abu daga aljihun rigarsa ya ajiye gefen tiren, a hankali. Wuƙar ce.

"Tunda gidan ya sami mai yanka, ga amanarku. Na wasa ta."

Babu gori a muryarsa, ko kaɗan. Shi a ganinsa kayan marayu ne, bai kamata ya ci gaba da riƙewa ba. Bayan ya fita Inna ta ƙi taɓa ta. Ta dubi Yaya ta ce ita ba a hannunta aka karɓo ba, shi ya san inda wuƙar take kwana.

Yaya ya ɗauke ta ya kai ɗakinsa. A daren bai ci naman ba, amma washegari na ga ya yanki kaɗan ya ci a tsaye, bai san ina kallonsa ba. Na san ya karaya. Sau da yawa bayan haka nakan ga ya fito da la'asar da babbar rigar Baba a jikinsa, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya dawo. Na ce masa ya je mana, katanga ɗaya ce fa. Ya ce zai je, yana neman abin da zai faɗa ne, kuma ai Nowel da saura. Mutumin da ya iya tsayawa gaban jama'a ya yi wa'azi a kan sulhu har mata su yi hawaye, ya kasa taka zaure ɗaya. Suna gaisawa a hanya lafiya lau, dattijon har yakan tsokane shi ya ce yaushe za a ci gaba da gardamar da Likita ya bari. Yaya ya yi murmushi ya ce nan ba da daɗewa ba.

Da damina ta faɗi, zazzaɓi ya kwantar da Baba Mai Kanti. Aka kai shi Damagaram, aka dawo da gawarsa.

Yaya ya bi su maƙabarta, ya tsaya can gefe cikin rairayi har suka gama salla suka rufe. Ranar sadakar uku ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da babbar rigar Baba. Wannan karon bai tsaya a bakin ƙofa ba. Na bi shi a baya har zauren, na laɓe wajen mata. Maza cike, babban ɗan marigayin na zaune a tsakiya yana karɓar gaisuwa. Yaya ya durƙusa gabansa, ya fito da wuƙar ya ajiye a kan tabarma. Mutane suka zuba masa ido, don ba a saba ganin wuƙa a wurin makoki ba. Da ƙyar ya ce:

"Na zo roƙon wuƙa, da mai wuƙa. Na makara."

Ɗan marigayin ya san wuƙar, tun yana yaro yake ganin ubansa na wasa ta. Ya ɗauka ya juya ta a hannu, ya sa a ƙarƙashin cinyarsa, ya ce Allah ya kai mu lokacin.

Shi yake yanka mana har yau. Inna ta bi Baba, a gefensa muka sa ta, kuma matan unguwa ne suka cika gidan. Yaya ya tsufa, shi ke jagorantar 'yar majami'armu, kuma in matasa suka tambaye shi ko daidai ne mai bi ya ba Musulmi yanka, yakan buɗe musu Littafi ya yi bayani mai kyau, wanda ya fi nawa na wancan lokacin nesa ba kusa ba. Amma duk safiyar Nowel, in an kayar da rago ya riƙe ƙafafu, ba ya iya duban hannun mai yankan. Hannun irin na Baba Mai Kanti ne sak.