Sabis ɗin Tokuji

Morishita Tokuji bai iya Turanci ba, amma akwai kalmar Turawa guda da ya tashi da ita a kunne: sabis. Mahaifiyarsa kifi take sayarwa a wata kasuwa a Nagoya, kuma duk lokacin da ta jefa wa mai saye ɗan ƙarin kifi sai ta ce sabis ne. Don haka a wurinsa sabis gyara ce kawai.

Da ya kama aiki a kamfanin kayan mota, sai ya tarar kalmar ta riga shi isa da wata ma'anar. Awannin da ma'aikaci ke ƙarawa bayan an tashi, ba tare da an biya shi ba, su ma sabis ake ce musu. Haka ya yi ta bayarwa har furfura ta fito masa, bai taɓa ɗaga murya ba.

Ranar Lahadi kuwa, in mutum ya fita da matarsa da yara, abokan aiki sabis na iyali suke kiran abin. Shi ma haka ya saba faɗa. Wata Lahadi 'yarsa Kanae, lokacin tana fara zama budurwa, ta ji yana ba wani abokinsa haƙuri a waya, wai ba zai samu zuwa kamun kifi ba, yau yana da sabis.

"Baba, ashe mu ma aiki ne?" in ji ta. "Je ka abinka, mun yafe."

Ya yi dariya, ya ce ai haka kowa ke faɗa. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Daga ranar ta daina binsa ko'ina. Abin ya tsaya masa a rai, amma shi ba mutum ne mai iya lallashi ba.

Bayan ya yi ritaya, matarsa Sumie ta buɗe ɗan shagon kofi, irin wanda da safe ake haɗa wa mutum dafaffen ƙwai da gasasshen burodi kyauta. Tokuji ne mai dafa ƙwan, har tsofaffin unguwa na tsokanarsa da manajan ƙwai. Bai damu ba.

Kanae ta yi aure a Gifu. Takan leƙo jefi-jefi, ta zauna kusa da taga, hirarta duk da uwarta. Da ɗanta ya fara tafiya ne ta soma barinsa wurin kakan, su je tasha kallon jiragen ƙasa. Yanzu gwiwa ta fara damun Tokuji, a zaune yake aikin shago, amma zuwa tashar bai fasa ba.